Kada Ƙadangare Ya Gani

Lahadi, bayan la'asar

Yau ma Sakina ba ta ce uffan ba. Na aike ta shagon Alhaji Barau ta sayo min magi da gishiri, ta dawo da magi kaɗai, don gishirin ba ya inda za ta nuna da yatsa. Na ce, "Ke, bakin naki haya kika ba da shi?" Ta ƙara jan ɗankwalin da ta naɗe bakin da shi, ta shige ɗaki.

Laifin Babanta ne, kuma in ya dawo sai na faɗa masa a gaban kowa. Ran da zai tafi gonar tattasai a Geskeru haƙorinta na sama ya faɗi, wanda ke dab da ɗinkin leɓenta. Ya ɗaga ta sama ta jefa shi kan rufin ɗaki, yadda aka yi wa kowa, sannan ya ce, "To Hajiya, a rufe baki har in dawo. In ƙadangare ya ga giɓin nan, sabo ba zai fito ba." Da dariya ya faɗa, yana cusa buta a jaka. Wane yaro ne ba a gaya wa haka ba? Yaro ya rufe bakin na rabin yini ya manta. Ita kuwa leɓenta na sama gajere ne tun ɗinkin da aka yi mata tana jaririya, ba ya rufe haƙora duka, kuma ta san da haka. Shi ya sa ɗankwali.

Ya ce kafin Juma'a zai dawo. Juma'ar ta zo ta wuce.

Na kira. A kashe.

Litinin, hantsi

Mushen lakwal ɗinsu, malamin ajinsu wato, ya aiko a ce min ba ta karatu, ba ta amsa suna, in ya tambaye ta sai ta rubuta a allo ta ɗaga masa. Wai ko ba ta da lafiya. Lafiyarta ƙalau, taurin kai ne irin na gidansu.

Abinci ma sai ta shiga gidan sauro ta juya baya take ci. Na leƙa na gan ta, sai da ta dudduba bango tukuna.

Dariya ya kamata abin ya ba ni, amma ba ya ba ni. Yarinyar nan da leɓe a tsage da ganɗa a buɗe aka haife ta, ba ta iya kama nono. Tatsa nake yi in ba ta da cokali, rabi ya shiga ciki, rabi ya fito ta hanci. Mata suka yi ta tsegumi wai ba na yi wa ƴar fari kara, ina kiran sunanta gatsau. Yo ɗan da ka raya da cokali ina wata kunya tsakaninku? Sai da ta kusa shekara huɗu kafin ta haɗa magana, yara suna kwaikwayon yadda take fita ta hanci, ta yi shiru, mu lallaɓa, ta sake farawa. Da ƙyar muka samo muryar nan. Yanzu wasa ɗaya ya mayar min da ita ciki.

Talata, da asuba

Na share ɗakinsa duk da ba abin sharewa.

Talata, azahar

An faɗa a rediyo cewa likitocin haƙori sun sauka daga Yamai, suna ɗaukar sunayen yaran da aka haifa da tsagar leɓe ko ta ganɗa, har da waɗanda aka riga aka ɗinke. Wai ɗinki ba shi ne ƙarshen aiki ba. Na daɗe da sanin haka, ni da ke kallon bakin kullum: haƙoran gefen ɗinkin kowanne da inda ya fuskanta, ɗaya ma a can ciki ya tsiro.

Na gaya wa Ya Gumsu, uwar maigidan. Tana zaune tana cire wa busasshen tattasai hanci, ta ce, "Baturiya, bari ubanta Sharif ya zo ya kai ta." Na ce, "To, Ya."

Laraba, wajen sha ɗaya

Alkali ya dawo.

Su uku suka tafi bakin kogin Kumadugu tare, shi da Baban Sakina da wani ɗan ƙodagonsu. Na ji hayaniya a layi, na fita ko mayafi ban ɗauka ba. An riga an shigar da shi gida. Matarsa Falmata ta tare ni a zaure ta riƙe min hannu biyu ta ce yana hutawa. Na ce tambaya ɗaya zan yi. Ta ce, "Ki bari sai an jima, don Allah." Ba ta kalle ni ba. Falmatar da muke cin kwano ɗaya.

Laraba, bayan magariba

Alkali ya zo da kansa. Ya durƙusa a gaban Ya Gumsu, suka yi magana da Barbarci ƙasa-ƙasa. Barbarcina na cefane ne, amma na tsinci injin ban ruwa, na tsinci kwalekwale, na tsinci ƙetare. Ya ajiye butar nan a gefen tabarma ya tashi.

Ya Gumsu ta ce a kai butar ɗakinsa, zai neme ta.

Ba zan rubuta komai a kan wannan ba.

Alhamis, la'asar

Na kai Sakina wurin likitocin. Tabɗi! Na ɗauka mu ne kaɗai Allah ya jarraba a garin nan. Tsakar gidan likitar cike, mata daga Maine, daga Sayam, wata ma daga Ngelbeli, kwana ta yi a hanya da ɗanta mai rami a kunci. Wadda ke kusa da ni ta ce bara da suka zo, tabarma biyu ba ta cika ba, mutane na ɓoye yaran. Da aka ga waɗanda aka kai suka dawo suna tauna rake, shi ke nan bana kowa ya fito da nasa. Wata tsohuwa ta kawo jikanta da ya kusa aure, aka ce mata da ta kawo shi tun yana ƙarami, ta ce ai ba wanda ya gaya musu haƙori ma ana kai shi likita in bai yi ciwo ba.

Ga bangon wurin kuwa, kamar taron ƙadangaru aka kira. Jan-gwada ɗaya ƙato yana ta gyaɗa kai saitin benci. Sakina ta sa hannu biyu a kan ɗankwalin.

Da layi ya zo kanmu, likitar, Madam Nazifa, ta zaunar da ita a kujera, ta yi mata wasa, ta ba ta ɗan madubi ta riƙe. Ta ce, "Ƴan mata, ɗan buɗe min kaɗan." Ina! Ta rufe taga, ta ce ga shi ba ƙadangare ko ɗaya a ɗakin. Sakina ta nuna silin. Madam ta yi dariya, ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige, ga mutane a waje suna jira tun safe.

Ta ce ba ta rubuta yaron da ba ta ga cikin bakinsa ba. In dawo da ita. Alhamis mai zuwa da rana motarsu za ta juya.

A hanya ban yi mata magana ba, ita ma dama ba ta yi.

Juma'a, hantsi

Tun safe nake jifan ƙadangaru, ni da girmana. Na fasa murfin tulu. Maƙwabta suna leƙe ta katanga, oho musu.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

Maza sun biyo sun gaida Ya Gumsu. Liman ya fara wata magana a kan haƙuri da abin da ya kamata iyali su yi in an daɗe ba labari. Ta katse shi ta tambaye shi ko ya ci abinci. Haka suka tashi.

Na kira. A kashe.

Asabar, azahar

Na zaunar da ita na ce, "Sakina, Babanki wasa yake miki. Ƙadangare ba ruwansa da haƙori. Ni nan da bakina a hangame na yi yawo a Damagaram, ga haƙorana reras." Na buɗe mata ta gani. Ta ɗauko allonta ta rubuta: sai Baba ya ce.

Na ce ni ce uwarki, na ce ki buɗe. Ta sake ɗaga allon.

Allah na tuba, na danne ta. Na fizge ɗankwalin, na toshe mata hanci don ta buɗe ta sha iska. Ta yi ta mutsu-mutsu, idanunta suka firfito, amma ta datse haƙora ta ƙi. Ni na saki. Ta rarrafa ta ɗauki ɗankwalinta ta maida, ko kuka ba ta yi da murya ba. Ni na yi, a madafa.

Lahadi, da safe

Na dafa mata kunun gyaɗa. Ta sha, a gidan sauro.

Lahadi, la'asar

Na rasa inda zan sa kaina. Na wanke kayan da na wanke jiya. Na je bakin titi na tsaya ina kallon motocin da ke shigowa daga gabas, kowace da buhuna da mutane a sama, har wani soja ya ce, "Madam, lafiya?" Na ce mota nake jira. Ya ce wacce? Na dawo gida.

Da a ce an ce min ga abin da ya faru, ko mene ne, da na san irin zaman da zan yi. Rashin sani ya fi dare duhu, yau na yarda.

Litinin, bayan azahar

Na koma wurin Madam Nazifa ni kaɗai, na roƙe ta ta rubuta sunan kawai, in ya so daga baya a duba. Ta ce wuraren kaɗan ne, kuma kowane yaro da irin aikinsa, ba za ta aika da wanda ba ta san abin da ke bakinsa ba. Ta zana min a takarda: a dasashin yara irin Sakina akwai rami a ƙashi inda tsagar ta bi. Ana cike shi kafin fiƙa ta sauko. In ta sauko ta tarar da rami, ba ta da inda za ta tsaya, kuma takan ja na kusa da ita. Shekarun Sakina yanzu ne lokacin. Na ce baɗi fa? Ta ce ita kanta ba ta san ko za a turo su baɗi ba.

Na ce to mu riƙe ta mu huɗu, a buɗe da ƙarfe. Ta ce yaron da aka buɗe wa baki da ƙarfi ba ya sake zama a kujerar nan, kuma Sakina shekaru za ta yi tana zama a kai.

Ta ce, "Babanta ba zai yi mata magana ko ta waya ba?"

Na ce, "Yana gona. Ba rezo, waya ba ta kamawa."

Talata, hantsi

Ya Gumsu ta kira ni ɗakinta ta sa na saki labule. Ta ce, "Idi muryarsu ɗaya da wansa Sharif." Na gane tun kafin ta ƙarasa. Gaskiya ne kuwa, sau nawa ina amsa sallamar Idi da muryar da nake amsa ta wansa, in ji kunya daga baya.

Na ce, "Ya, wannan ƙarya ce fa." Ta ce, "Ba ƙarya ba ce. Abin da Sharif zai faɗa ne in ya samu waya. Aro muka yi masa."

Na ce a'a. Na fito ina cewa a'a. Na daka barkono ina cewa a'a.

Talata, la'asar

Sakina ta yi barci, ɗankwalin ya zame. Na tsaya a kanta ina kallon bakin. Na so in ɗauko waya in yi hoto in kai wa Madam, sai ta motsa, hannunta ya tafi kan bakin tun ba ta farka ba.

Ran da aka haife ta mata suka yi cirko-cirko, ba mai cewa barka. Babanta ne ya karɓe ta ya ce bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci, balle nata da ya yi wa ƙari. Ungozoma ta ce kai Sharif ba ka da ta ido. Shi kaɗai ya yi dariya ran nan.

Ina jin haushinsa. Wallahi ina jin haushinsa kamar in yi ihu. Wa ya ce ya tafi? Kowa ya ce a bar gonar bana, bakin kogin ba zaman lafiya.

Talata, magariba

Na aika a kira min Idi.

Laraba, da hantsi

Ya ƙi. Ya ce, "Anti, ki sa ni komai ban da wannan." Ya Gumsu ta yi masa magana da Barbarci, gajeruwa, ya sunkuyar da kai. Na gaya masa abin da zai ce: ta buɗe wa likita baki, ya kori ƙadangarun duka, shi ke nan ya kashe. Kada ya ƙara ko kalma ɗaya. Da Barbarci zai yi, don da shi Babanta ke mata magana, kuma a nan muryar ta fi kama.

Laraba, bayan la'asar

An yi.

Idi ya tafi can bayan kasuwar tattasai ya kira. Wayar ta yi ƙara a hannuna, na ce, "Sakina, zo ga Babanki." Ban san muryata za ta iya fita sumul haka ba.

Ta zo da gudu har tana tuntuɓe. Ta manna wayar a kunne. Ina jin muryar sama-sama, kuma duk da ni na shirya abin, sai da na zauna a kan turmi. Ya Gumsu ta juya ta fuskanci bango.

Sai na ga yarinyar ta sa hannu ta ja ɗankwalin ƙasa. "Baba!" Muryar ta dushe don rashin amfani. Ta ce ta rufe, wallahi ta rufe, ko ɗaya bai gani ba. Ta ce Mama ta fasa murfin tulu. Ta ce an kawo butarsa, da me yake alwala? Ina ta yi mata alama ta ba ni wayar, ta juya min baya.

Sannan ta ce, "Yaushe za ka dawo?"

Na ce a raina kashe, Idi, kashe. Bai kashe ba. Ta saurara, ta daka tsalle ta ce, "Jibi! Mama, ya ce jibi!"

Da ya dawo ya tsaya a zaure idanunsa jajur. Na ce, "Me na ce maka?" Ya ce, "Anti, tambayata ta yi. Me zan ce mata?" Ya fita bai ci abinci ba.

Alhamis, azahar

Ta buɗe baki har Madam ta ce ya isa haka, kada ki haɗiye ni. Aka yi mata hoton haƙora. Tana ta zuba, ta ba Madam labarin Babanta da gonarsa da injinsa, ta gaida jan-gwadan nan na bango ta yi masa gwalo.

An rubuta ta. An ba ni karne, katin likita, za a kai yaran Damagaram bayan an tsinke tattasai. Fiƙar ba ta sauko ba, Madam ta ce mun zo a kan gaɓa. Na yi hamdala, kuma da gaske na yi ta.

Da za mu fita ta riƙe ni ta koma Faransanci don kada yarinyar ta ji. Ta nuna min hoton a hasken taga. Ƙarƙashin giɓin nan ba komai. Wai yara masu tsaga da yawa haka suke, haƙorin wurin ba a halicce shi ba tun farko, ko shekara nawa za a jira ba zai fito ba. In ta girma za a sa mata wani. Ta ce in gaya mata a hankali, kada ta ɗora wa kanta laifi.

Na ce to. Abin da zan gaya mata a hankali yana ta yawa.

Alhamis, magariba

Ba ta yi shiru ba tun da muka dawo. Ta yi wa Ya Gumsu waƙar lakwal, ta ci tuwo a tsakar gida tana surutu da loma a baki. Abin da na yi ta roƙo ke nan. Ga shi an ba ni, kuma kowace kalma sai na ji ta a ƙirji.

Ta tambaya me za a dafa gobe.

Juma'a, da safe

Tun kiran sallar fari ta tashi. Ta yi wanka da kanta, ta sa kayan sallarta, ta cika butar nan da ruwa ta ajiye a ƙofar ɗakinsa. Ta ɗauki kujera ƴar tsuguno ta kai zaure.

Juma'a, azahar

Duk wanda ya wuce sai ta ce masa, "Babana yau zai dawo, ya kira ni." Falmata ta shigo da gudu mayafi a hannu, fuskarta a washe, ta ce, "Baturiya, da gaske?" Ta kalle ni, ta kalli Ya Gumsu. Ta juya a hankali ta fita.

Idi bai zo ba. Ya Gumsu ta shiga ɗaki da tasbaha ta ce kanta ke ciwo. Ita ta kawo shawarar, ni aka bari da zaure.

Juma'a, bayan magariba

Ta ƙi cin na rana, wai tare za su ci. Masu dawowa daga masallaci suka wuce, ta leƙa fuskar kowa. Motocin gabas suka gama shigowa. Da aka kira magariba ta shigo da kujerarta a hannu, ta ɗauko wayata ta miƙo min ta ce, "Mama, kira shi ki ji inda ya kawo."

Idi zai ɗauka in na kira shi, na sani. Zai ce mota ce ta lalace, sai wani jibin. Da na samu kwana biyu, wataƙila sati. Na riƙe wayar har haskenta ya mutu, tana tsaye tana kallona.

Na ajiye ta a tabarma. Na jawo yarinyar na ɗora a cinya, duk da ta yi girma da hakan. Na ce, "Sakina, ran Laraba ba Babanki ba ne. Baba Idi ne. Ni na sa shi, don likita ta ga bakinki."

Ta ce, "To Baba fa?"

Na ce, "Ban sani ba."

Ta ce, "Ya Gumsu ta sani?"

Na ce, "Ba wanda ya sani, Sakina. Wallahi ban san inda yake ba, ban san ko zai dawo ba."

Tun da abin nan ya faru ban faɗa wa kowa haka ba, ko ni kaina. Na ji labulen ɗakin Ya Gumsu ya motsa, amma ba ta fito ba.

Yarinyar ta dake ni a ƙirji da hannu biyu, ta sake duka, sannan ta fasa kuka, da dukan bakinta, irin wanda ake ji har bakin titi. Maƙwabta suka fara taruwa a zaure. Na riƙe ta gam. Ban ce mata ta yi shiru ba.